Idan kwamfuta ta ƙi tashi da sabon faifai

A ƴan shekarun nan babu wani gyara da ya karɓu a wajen masu kwamfuta, daga kantunan Maraɗi da Damagaram har birorin gwamnati na Yamai da Tawa, kamar sauya faifan ajiya. Faifan nan na da, wanda masu gyara ke ce wa diskidir, ƙarfe ne mai juyawa. A yawancin kwamfutocin hannu yakan yi zagaye 5400 a minti guda, kuma tsufa da zafi da jijjiga suna rage masa ƙarfi. Sabon kuwa, wato SSD, babu abin da ke motsi a cikinsa, kuma saurinsa ya ninka na tsohon sau da yawa. Kwamfutar da a da sai mai ita ya gama shan shayi kafin ta buɗe, sai ga ta ta tashi tun bai gyara zama ba.

Domin kada a sake zuba Windows da sauran tsare-tsaren aiki daga farko, akan kwafe tsohon faifan dungum a kan sabon. Wannan shi ne masu gyara ke kira kilonaj. Dabarar ba sabuwa ba ce: tun cikin shekarun 1990 wani kamfani na ƙasar New Zealand ya fito da tsarin Ghost, wanda Symantec ya saya a 1998, kuma har yau akwai tsofaffin masu gyara da ba su san wani suna ba sai shi. Yanzu ana aiki da Clonezilla, wanda kyauta ne, ko Macrium Reflect, ko Acronis, ko kuma tsarin da masu ƙera faifan kan bayar, irin su Samsung Data Migration.

Sai dai fa ba kullum ake kwana a gado ba. A gama kwafi lafiya, a sa sabon faifai, a taɓa maɓalli, sai allo ya yi baƙi ƙirin da ɗan rubutu na Ingilishi wai No bootable device, ko kuma ya yi shuɗi da wata lamba irin 0xc000000e ko 0xc0000225. A nan ne hankali kan tashi, a nan ne kuma akan yi ɓarnar da ta fi cutar kanta. Mai gyara mai gaggawa ya ce babu magani sai a wanke faifan a zuba sabon Windows. Wani ma tun kafin a gwada sabon ya riga ya wanke tsohon, domin maigida ya ce a mai da shi ma'ajin hotuna. Alhali kuwa a cikin faifan nan ne ɗan kasuwa ya ajiye lissafin waɗanda yake bi bashi da takardun duwan na shekaru, kuma dokar lissafin kuɗi ta OHADA, wadda Nijar ke bi, ta ce a adana littattafan kasuwanci da takardun shaidarsu har shekara 10. Ma'aikaci kuwa, aikin sarbis guda ne yake hannunsa amana.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne wannan: yawanci idan kwamfuta ta ƙi tashi da faifan da aka kwafa, kaya suna nan daram, hanyar zuwa wurinsu ce ta ɓace. Ɓatan hanya kuwa tambaya ce maganinsa. Sharaɗi guda ne, kada a taɓa tsohon faifai. Muddin yana nan yadda yake, babu kuskuren da ba ya gyaruwa. Ba a sakin reshe a kama ganye.

Yadda kwamfuta ke tashi

Mai karatu ba zai gane inda cuta take ba sai ya san matakan da na'urar ke bi daga taɓa maɓalli zuwa buɗewar Windows. Matakai huɗu ne, kowane yana miƙa wa na gabansa.

Na farko, wani ɗan tsari ne da ke zaune a cikin babban allon na'urar, ba a kan faifai ba. Shi ne BIOS, a sababbin kwamfutoci kuma UEFI. Aikinsa kamar na mai gadin mangaza ne: ya farka, ya duba kayan aiki, ya nemi faifan da aka ce ya fara da shi.

Na biyu, taswirar faifan. Kowane faifai a rarrabe yake ɗaki-ɗaki, kuma a farkonsa akwai taswirar da ke nuna inda kowane ɗaki ya fara da inda ya ƙare. Taswirar iri biyu ce. Ta da sunanta MBR, ta fito a 1983 tare da DOS na kamfanin IBM. Tana zaune a gurbin farko mai oktet 512, manyan ɗakuna huɗu kawai take ɗauka, kuma ba ta ganin abin da ya wuce tera 2. Ta yanzu sunanta GPT, kuma a ƙarƙashin Windows tana ɗaukar ɗaki har 128.

Na uku, ƙaramin ɗakin tashi. Wannan ɗaki ba ya fitowa a jerin da mutum ke gani kullum, domin ba shi da harafi irin C ko D. A faifan GPT sunansa ɗakin EFI, girmansa yawanci mega 100 zuwa 260. A faifan MBR ana rubuta masa Réservé au système, mega 100 a zamanin Windows 7, wajen mega 500 a Windows 10. A cikinsa akwai wani ɗan littafi mai suna BCD, wanda Microsoft ya shigo da shi tun Windows Vista, kuma a nan aka rubuta a wane faifai da wane ɗaki Windows yake.

Na huɗu, Windows kansa, wanda dole ya tashi da direban da ya san irin faifan da yake kai, wato ɗan tsarin da ke tuƙa shi.

To, kwafi yana iya tsinke igiyar a kowane ɗaya daga cikin wuraren nan. Hikima ita ce a bi su bi da bi, a fara da mai sauƙi wanda ba ya rubuta komi a kan faifai, a bar mai wuya sai ƙarshe.

Faifai guda a ciki, kuma a gurbinsa

Matakin farko ba ya bukatar ilimi mai zurfi. A kashe na'ura, a zare ta daga kuran, a cire tsohon faifai ɗungurungum, a sa sabon a gurbin da tsohon ya fita. Kwamfutoci da yawa nan take suke tashi.

Dalili biyu ne. Na ɗaya, mutane da yawa sukan yi kwafin ta cikin ɗan akwatin nan mai igiyar USB, sa'an nan su nemi gwada sabon faifan tun yana cikin akwatin. Windows na yau da kullum ba a yi shi don ya tashi ta ƙofar USB ba, saboda haka ƙin tashinsa a wannan hali ba shaida ba ce cewa kwafin ya lalace.

Na biyu, kowane faifai yana da lambar shaida tasa, kuma kwafi na dungum yakan ɗauko har da lambar. Idan aka haɗa faifai biyu masu lamba ɗaya, sai Windows ya rasa wane ne wane, kamar motoci biyu da suka iso shingen duwan da lamba guda. Abin da yakan yi shi ne ya ajiye ɗaya gefe, ya rubuta masa Hors connexion. Mutum ya ga haka sai ya danna masa En ligne, yana zaton gyara ya yi. Nan take Windows ya ba faifan sabuwar lamba, littafin BCD kuwa tsohuwar ya sani. Daga ranar faifan ba zai ƙara tashi ba sai an sake rubuta littafin.

Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. Wani lokaci faifan biyu suna ciki, kwamfuta tana tashi lafiya, maigida yana murna aiki ya yi kyau, ashe da ɗakin tashi na tsohon faifan take tashi. Ranar da aka wanke tsohon ko aka cire shi, ranar asiri ke tonuwa. Don haka ba a cewa kwafi ya yi nasara sai sabon faifai ya tashi shi kaɗai.

A leƙa cikin BIOS

Idan har yanzu shiru, sai a shiga saitin BIOS. Ana danna maɓallin da sauri daidai lokacin kunnawa: F10 a HP, F2 a Dell da Acer, F1 a Lenovo ThinkPad. Jerin abubuwan da za a iya tashi da su kuwa yana fitowa da F9 a HP, da F12 a Dell da Lenovo.

Tambayar farko: shin BIOS yana ganin sabon faifan ma kuwa? Idan sunansa bai fito ba, ba maganar Windows ba ce. A duba igiya, a duba ko ya zauna sosai a gurbinsa, a busa ƙurar hunturu da ta taru. Faifai ƙanana masu kama da tsinken cingam, waɗanda ake kira M.2, iri biyu ne, SATA da NVMe. Suna iya shiga rami guda, amma ba kowace kwamfuta ke karanta duka biyun ba. Ya kamata a tabbatar da irin da na'urar ke karɓa tun kafin a biya kuɗi.

Idan yana ganinsa, sai a duba jerin tashi a ɗora sabon a sama. A tsarin UEFI abin da ake zaɓa shi ne layin da aka rubuta Windows Boot Manager.

A duba kwanan wata da agogo ma. Yawancin kwamfutocin da ke hannun jama'a na hannu ne, sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin su iso ta Dubai ko Kano ko Kwatano. A babban allonsu akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, a mafi yawansu CR2032 mai bolt 3, shi ke riƙe saiti idan an cire wuta. In ya mutu, da zarar an buɗe na'ura an cire babban batir don sauya faifai, sai saitin duka ya koma yadda ya fito daga masana'anta. Mutum ya ga kwanan wata ya koma shekarun baya, to ya san ga ɓarawon.

Taswira da mai gadi su yi daidai

Ƙa'idar Windows a nan ba ta da kwana: faifan GPT da UEFI yake tashi, faifan MBR kuma da tsohon tsari, wanda a cikin saiti ake rubuta wa Legacy ko CSM. In an saɓa, mai gadi zai tsaya gaban taswirar da bai iya karantawa ba. Yakan faru idan tsohon faifan MBR ne, sabon kuma aka shirya shi da GPT kafin kwafi, ko idan aka ɗauki faifan tsohuwar kwamfuta aka kai shi sabuwa, ko kuma batirin nan ya mutu saiti ya juya.

Tun daga Windows 8, a 2012, kwamfutoci ke fitowa da UEFI da wani makulli mai suna Secure Boot. Amma sau da yawa mai sayarwa yakan mai da su Legacy ya zuba musu Windows 7 ko 10 a kan MBR, saboda haka shekarun na'ura ba su isa hujja ba. Hanyar sani tun kafin kwafi ita ce a buga msinfo32 a cikin Windows, a duba layin Mode BIOS: zai ce UEFI ko Hérité. Mai hankali ya rubuta wannan a takarda kafin ya kwance ƙusa ko guda.

Gyara mafi sauƙi shi ne a juya saitin BIOS ya dace da faifan. Wanda zai koma Legacy sai ya kashe Secure Boot tukuna. Sai dai sababbin kwamfutoci da yawa ba su da Legacy sam, domin a 2017 Intel ya sanar zai daina tallafa masa daga 2020. A irin wannan hali faifan ne za a juya. Tun 2017 Windows 10 yana zuwa da wani umurni mai suna mbr2gpt, wanda ke mai da MBR zuwa GPT ba tare da share kaya ba, in dai manyan ɗakunan faifan ba su wuce uku ba. Ana fara mbr2gpt /validate don a ji ko zai yiwu, sa'an nan mbr2gpt /convert. Babu komawa baya da shi, shi ya sa a kan kwafi ake yinsa, ba a kan asali ba. Wanda ke da niyyar hawa Windows 11, wanda ya fito a 2021 kuma yake bukatar UEFI, dole ya bi ta nan; ga shi kuma Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025.

Sake rubuta littafin tashi

Idan saiti ya yi daidai amma allo yana nuna 0xc000000e ko 0xc0000225, to littafin BCD ne ke nuna ɗakin da babu shi, ko kuma an bar ɗakin tashin a baya. Kuskure ne sananne: mai kwafi ya ga ɗakin C shi ne babba, ya ɗauke shi kaɗai, ya raina ƙananan. Ya kwashe kaya kenan ya bar makullin mangaza a tsohon gida.

Maganin yana bukatar kile na USB mai giga 8 ko fiye, wanda aka zuba wa Windows da kayan aikin da Microsoft ke bayarwa kyauta a intanet, ko da Rufus. Da ma kamata ya yi a shirya shi tun kafin a fara kwafi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A tada kwamfuta da kilen, a zaɓi Réparer l'ordinateur, sa'an nan Dépannage. Kada a kuskura a danna Installer. A fara gwada Outil de redémarrage système, wanda ke gyara da kansa. In ya kasa, sai a buɗe Invite de commandes.

Kafin a buga komi, a lura da allon haruffa. Kwamfutar da ta zo daga Faransa haruffanta AZERTY ne, wadda ta zo ta Najeriya ko Amurka QWERTY ne, kuma idan zaɓin da aka yi a kilen bai dace da na na'urar ba, mutum zai buga A ya ga Q. A kan AZERTY alamar \ tana fitowa da AltGr da 8.

Ga umurnin bi da bi, kowane a layinsa, a danna Entrée bayansa:

diskpart
list disk
list volume

Na biyun zai jero faifai. In akwai tauraro a ƙarƙashin Gpt, faifan GPT ne. Na ukun zai jero ɗakuna da haruffansu. A nan sai an yi hattara, domin a wannan wuri Windows ba lalle ya kasance a C ba, yana iya zama D ko E. Ana gane shi da girmansa. Sai a ci gaba:

select disk 0
list partition
select partition 1
assign letter=S
exit

Lambobin nan misali ne. A sa lambar sabon faifan, da lambar ƙaramin ɗakin da aka rubuta wa Système. Daga nan, in Windows yana D:

bcdboot D:\Windows /s S: /f UEFI

Wannan layi guda shi ke sake rubuta littafin tashi daga tushe, kuma ba ya taɓa takardun mai kwamfuta. A cire kile, a sake kunnawa.

Idan ɗakin EFI babu shi gaba ɗaya, ana iya gina shi. A cikin diskpart a zaɓi ɗakin Windows, a rage shi da shrink desired=300, a buga create partition efi size=260, sai format quick fs=fat32, sai assign letter=S, sa'an nan bcdboot kamar yadda ya gabata. Kafin a buga format, a sake karanta wane ɗaki ne aka zaɓa, sau biyu.

Ga faifan MBR kuwa, bayan an zaɓi ƙaramin ɗakin an ba shi harafi, a buga active domin BIOS ya san nan ne ƙofa. Bayan exit a buga bootrec /fixmbr da bootrec /fixboot, a ƙare da bcdboot ɗin nan amma a sa BIOS a maimakon UEFI. In /fixboot ya amsa da Accès refusé, kamar yadda yakan yi a Windows 10, umurnin bootsect /nt60 S: /mbr yana yin aikin.

Kalma guda ce ba a so ta fito daga yatsun kowa a cikin diskpart, wato clean. Tana share taswirar faifai duka cikin ƙiftawar ido, ba ta tambaya, ba ta gargaɗi. Wani dalili kenan da ya sa tsohon faifai ya kamata ya kasance a aljihun tebur, ba a cikin na'ura ba, sa'ad da ake wannan aiki.

Shuɗin allo bayan tambarin Windows

Wani lokaci tambarin Windows ya fito, ɗigo-ɗigon nan su fara juyawa, sai allo ya yi shuɗi da rubutu INACCESSIBLE BOOT DEVICE, a Windows 7 kuma lamba 0x0000007B. Wannan albishir ne a fakaice, domin matakai uku na farko sun wuce lafiya. Abin da ya rage, Windows bai tashi da direban da ya dace ba.

A koma BIOS a nemi saitin SATA. Zaɓinsa IDE ne, ko AHCI, ko RAID wanda a wasu na'urori ake rubuta wa Intel RST. Windows yana tashi ne da irin wanda aka zuba shi a kai. In saitin ya juya, a mai da shi yadda yake. Idan kuwa daga faifan SATA aka koma NVMe, sau da yawa tashi guda a Mode sans échec ya isa: a wannan hali Windows yakan ɗauko direban, daga nan ya riƙa tashi da shi. Ana samunsa a Paramètres de démarrage, a danna 4. Windows 7 dai bai zo da direban NVMe ba, kuma tun 14 ga Janairu 2020 aka daina kula da shi; mai shi gara ya tsaya kan SSD na SATA, ko ya yi tunanin sabon tsari.

Lamba 48

Kwamfutocin ma'aikatu da ƙungiyoyi da ayyukan raya ƙasa sau da yawa a kulle suke da BitLocker, wanda ke rikita rubutun faifai yadda ɓarawo ba zai karanta ba. Windows 11 ma yakan kunna irin wannan kulle da kansa a na'urori da yawa, mai ita bai sani ba. Sauya faifai ko taɓa Secure Boot yana iya sa na'ura ta tsaya ta nemi lambar ceto mai alƙaluma 48. Lambar tana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar, ko a hannun sashen kula da na'urori na ma'aikata. In babu ita, babu mai gyaran da zai buɗe faifan, komi gwanintarsa. Wanda ya ce zai iya, wankewa zai yi. Saboda haka a nemo lambar a rubuta ta, ko a cire kullen kafin kwafi. Ma'aikaci kuma kada ya kai na'urar sarbis kasuwa ba da izinin shugabansa ba.

In kwafin ne gurgu

Idan an bi duk wannan babu nasara, to kwafin kansa ne bai cika ba, sai a sake shi, kuma abin yana yiwuwa ne kawai domin tsohon faifai yana nan. Abubuwa uku suka fi kawo haka. Ɗaya, ɗaukewar wuta ko sakin igiya ana tsakiyar aiki. A watannin zafi na Afrilu da Mayu, sa'ad da kuran ke yawan yankewa, kada a fara kwafi sai da cikakken batir ko ondiler. Biyu, girma: faifai mai giga 480 ba ya ɗaukar kwafin gurbi-da-gurbi na mai giga 500, ko da rabinsa fanko ne, sai an rage ɗakin C tukuna ko an yi aiki da tsarin da ya iya ragewa. Uku, tsohon faifan yana da gurabun da suka mutu. Tsarin CrystalDiskInfo, wanda kyauta ne, yana faɗin lafiyar faifai cikin minti guda. In ya nuna rawaya ko ja, ko faifan yana ƙara ƙas-ƙas, a bar maganar kilonaj, a fara kwashe muhimman takardu zuwa wani wuri, mafi muhimmanci a gaba. Faifai mai ciwo kowane kunnawa rage masa kwana yake.

Hakkin tsohon faifai

Bayan sabon ya tashi shi kaɗai, a buɗe littafin lissafi, a buɗe takardun da aka fi bukata, a gwada injin buga takarda, a yi aiki da shi mako biyu ko wata guda. Lasisin Windows da babban allon na'ura yake ɗaure, sauya faifai ba ya kashe shi. Amma wasu tsare-tsaren lissafin kuɗi sukan nemi a sake shigar da lambarsu, don haka a nemo ta tun da wuri. Duk tsawon wannan lokaci tsohon faifai yana nannaɗe a wuri mai sanyi, an rubuta masa kwanan wata a jiki.

Ranar da za a rabu da shi kuma, a tuna cewa wankin gaggawa ba ya share komi da gaske. Mai ɗan sani yana iya dawo da takardun. Tun 2017 Nijar take da dokar kare bayanan mutane, kuma sunayen abokan ciniki da albashin ma'aikata suna cikin abin da take karewa. Faifan da ya ɗauki irin waɗannan, a share shi sharewa ta gaske ko a fasa shi, kada a bar shi a teburin mai gyara a matsayin ladan aiki. Shi ma SSD ba ya hana mutuwa, kuma in zai mutu sau da yawa ba ya yin ƙara ko gargaɗi kamar tsohon, saboda haka ajiye kwafin takardu a wuri na biyu bai faɗi ba.

Wanda ba zai iya buga umurnin nan da hannunsa ba, babu laifi ya kai wa gwani, amma ya tafi da tambaya uku a bakinsa: an gwada sabon faifan shi kaɗai? Saitin BIOS ya dace da taswirarsa? An sake rubuta littafin tashi da bcdboot? Mai gyaran da ya ce a wanke tun bai amsa waɗannan ba, a yi masa godiya, a karɓi faifai biyun a yi gaba. Sauri ya haifi nawa. Allah ya kiyaye dukiya, ya sa albarka a cikin nema.